Lambar Bin Sawun Kaya Ba Ta Ganin Kaya a Hanya

Malam Edita,

Assalamu alaikum. A ba ni ɗan fili in yi gyara kan lambar bin sawun kaya. Mutane da yawa sun ɗauka akwai wata na'ura a jikin ƙunshin da ke nuna inda yake. A yawancin kaya babu ita. Takarda ce kawai mai zanen layuka, kuma bayanin da ake gani a shafin intanet ba ya sauyawa sai an haska ta da na'urar karanta layukan: a wurin karɓa, a cibiyar rarraba kaya, a kwastan, sai ranar miƙawa. Shi ya sa ake jin shiru na kwanaki alhali kayan na tafe.

Lambar gidan waya ta ƙasa da ƙasa gurbi 13 gare ta, bisa tsarin S10 na Ƙungiyar Gidajen Waya ta Duniya. Haruffa 2 na farko nau'in aike ne: wanda ya fara da R na rajista ne, E na gaggawa, C na ƙunshi. Sai alƙaluma 8, sai na 9 da ake lissafowa daga sauran don kama kuskuren rubutu. Haruffa 2 na ƙarshe ƙasar da aka aiko ne, kamar CN na China ko GB na Birtaniya. Kamfanonin aika kaya masu zaman kansu nasu tsarin daban. Lambar kamfanin UPS yawanci da 1Z take farawa.

Idan shafi ya ce bai san lambar ba, sau da yawa mai aike ya buga takardar ne bai kai kayan ba tukuna, ko kuma an rubuta harafin O a gurbin sifili. In kaya sun tsallaka iyaka, a duba shafin gidan wayar ƙasar da suka shiga, can bayani ya fi saurin fitowa.

Na gode.

Daga wani mai karatunku