Wasiƙa zuwa ga Hadiza a Fatakwal

Unguwar Rimi, Kaduna.

Zuwa ga ƙawata Hadiza,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kina lafiya tare da Baban Ilham da yara, kuma kuna jure wa ruwan Fatakwal da ba ya ɗaukewa. Na zaɓi in rubuto miki doguwar takarda ne domin maganar ta fi ƙarfin saƙon WhatsApp, kuma ba na so ki ji ta a bakin Yaya Balki kafin ki ji a nawa.

Na ajiye aikin banki. Wata makarantar sakandare ta 'yan mata ta ɗauke ni in koyar da lissafi daga zangon karatu na Janairu, albashin kuwa ko kusa bai kama ƙafar wanda na bari ba. Ke kin san yadda nake fita gari bai gama wayewa ba, in dawo bayan isha'i in tarar Khalifa ya yi barci da littafin aikin gidansa a hannu, ga kuma neman masu ajiyar kuɗi da ake ɗora mana kowane wata har mutum ya fara jin nauyin gaida 'yan'uwansa. Na yi istihara, na shawarci Baban Khalifa ya ba ni goyon baya, Umma kuma ta daɗe shiru kafin ta ce Allah ya sa haka ne mafi alheri.

Hutun 1 ga Oktoba ya haɗe da ƙarshen mako, sai muka hau mota a Kawo ni da Zainab, muka bi ta Zariya zuwa Kano, muka sauka gidan Gwaggo a Fagge. Da safe muka shiga Kantin Kwari. Atamfa da shadda da leshi jere har rufi, 'yan dako na ratsa mutane da dila a ka, ga fatake daga Nijar da Chadi suna ciniki. Abin da ya sosa mini rai shi ne yawancin atamfar da na ɗaga daga China aka shigo da ita, alhali a garinmu aka buɗe babbar masaƙa a Kakuri tun 1957, kuma da albashin masaƙa Baba ya yi mana karatu. Ban daɗe a kan wannan tunanin ba, domin Zainab ta ja ni wurin wani leshi da ta rantse ba za ta koma Kaduna ba sai da shi.

Inda na fi daɗewa shi ne marinar Ƙofar Mata, wadda ake cewa tun 1498 ake rini a cikinta. Wani dattijo yana zaune a bakin rami, hannayensa sun rine shuɗi har wuyan hannu, yana tsoma farin yadi a ruwan baba da toka, ya ɗago shi, ya dakata, ya sake tsomawa. Idan ya ɗago sai ki ga yadin kore-kore, amma yana shan iska sai ya juye shuɗi a gaban idonki. Matan unguwa ne ke ɗaure yadin da zare a gida kafin a kawo shi, duk inda aka ɗaure baba ba ya shiga, shi ne ke fitar da zanen. Daga gefe masu bugu suna dukan rinannen yadi da guduma a kan gungume har sai ya yi sheƙi. Na sayi yadi mai zanen zagaye, na rungumo shi ba tare da na san abin da zan ɗinka da shi ba.

To, a nan ne maganar da ke damuna ta taso. Da Gwaggo ta ga rigar da ke jikina ta ji cewa ni na ɗinka, sai ta ce tunda na bar banki me ya kai ni aji, in kama shago a Kasuwar Barci kawai in zuba kekuna da yara. Tun da muka dawo kowa wannan shawarar yake ba ni, kuma na san da kyakkyawar niyya suke yi. Sai dai ni na ga rayuwar tela ana saura kwana kaɗan Sallah: kwana a shago, jiran wuta, da masu kaya tsaye a kansa kowa na cewa an saɓa masa alkawari. Ɗinki shi ne abu guda da nake yi ba wanda ya yanka mini rana. Idan na shimfiɗa yadi na zana da alli, na sa almakashi, na hau tsohon keken Butterfly na Umma ina taka shi da ƙafa, zuciyata takan kwanta, ko da kalmasa ɗaya zan warware in sake har ta zauna daidai. Ina tsoron ranar da na karɓi kuɗin mutum na ce ya dawo Alhamis, wannan natsuwar za ta tafi. Duk da haka gibin albashin gaskiya ne, kuma kuɗin makarantar yara ba ya jira, don haka ina son ki faɗa mini ra'ayinki ba tare da kara ba, kamar yadda kika saba tun muna aji ɗaya.

Shuɗin yadin dai na yanke shawara Ilham zan yi wa doguwar riga da shi. Ki aiko mini da awonta na kafaɗa da ƙirji da hannu da tsawo, kuma ki auna da tef, kada ki ƙiyasta da ido irin na gyalen bikin Rabi da har yau Umma ke ba da labarinsa. Idan Yaya Sani zai sauko Fatakwal a watan gobe sai in ba shi ya kawo.

Ki gaida Baban Ilham, ki shafa mini kan yara. Umma da Zainab suna gaishe ki.

Taki har kullum,
Maryam