Zuwa ga ɗana a Newcastle

Assalamu alaikum, Babana.

Gida lafiya, sai ƙafar Hajiya da ta sake tashi. A bakin Yayarka na ji, ba a bakinka ba, wai za ka ajiye aikin lauya ku buɗe kamfani da abokin nan naka. Da ta yi maka faɗa, wai ka ce ai William Armstrong ma lauya ne kafin ya zama attajirin garin da kake zaune.

Shekara talatin na yi ina koyar da tarihi, bari in ƙarasa maka labarin. Gaskiya ne ubansa ne ya tura shi karatun lauya, kamar yadda kake cewa na yi maka. Amma ya daure fiye da shekara goma yana aikin. Sai a 1847 ya kafa masana'anta a Elswick, bakin kogin Tyne, yana ƙera injin ɗaga kaya mai aiki da ƙarfin ruwa. Da a nan ya tsaya, da ban ɗauki biro ba. Yaƙin Kirimiya na zuwa ya koma ƙera igwa, aka ba shi muƙamin Sir a 1859, kasuwa ta buɗe har jiragen yaƙi ya ƙera wa Japan. A 1886 ya tsaya takara, mutanen garinsa suka kayar da shi, shekara na zagayowa aka naɗa shi Lord. Ya mutu a 1900 bai bar ɗa ba, dukiyar ta faɗa hannun jikan 'yar'uwarsa.

Ka bar lauyanci in ka ga dama. Abin da ya hana ni barci shi ne kalmar da Yayarka ta faɗa, wai "kayan tsaro" za ku riƙa shigowa da su. Wane kaya? Kai ka riƙe mini fitila daren da muka yi wa Kawunka wanka. Ka ga ramin da ke ƙirjinsa da idonka. Wani ne ya ƙera, wani ya sayar, kuma dukansu sun kwana lafiya a gidajensu. In ka sa hannu a wannan harka, kada ka aiko mini ko sisi. Ba zan ci ba, Hajiya ma ba za ta je Umara da shi ba.

Na san na matsa maka kana yaro. Gonar da na sayar ban taɓa goranta maka ba, yanzu ma ba gori nake yi ba. Mai yiwuwa Yayarka ba ta fahimce ka ba, ka san ta da gaggawa. Ka kira ni ranar Juma'a bayan an sauko masallaci, in ji daga bakinka. Hajiya ta ce ka riƙa sa rigar sanyi.

Allah ya yi maka albarka.

Mahaifinka