A tuna da tsofaffin otal-otal na Khartoum

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Tun da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023 ake lissafa asarar da Khartoum ta yi, amma ban cika jin ana ambaton tsofaffin otal-otal ɗinta ba, kuma abin yana ci mini tuwo a ƙwarya.

Grand Hotel na bakin Nilu tun farkon mulkin Turawan Ingila yake tsaye, hukumar jiragen ƙasa ce ta daɗe tana riƙe da shi. Marigayi babanmu ya yi wanki da guga a can shekara da shekaru. Ina yaro nakan kai masa abinci, in zauna gindin maɗaci ina kallon masu hidima cikin fararen jallabiyoyi suna wucewa da farantan shayi. Har ya bar duniya hannunsa da tabon garwashin dutsen guga.

Acropole kuwa wani Bagirke ne, Panaghis Pagoulatos, ya buɗe shi a 1952. Nan 'yan jarida da masu tonon kayan tarihi ke sauka. Harin bam da aka kai masa a 1988 bai rufe shi ba, sai wannan yaƙin ya kori iyalin. Hilton ta zo a 1977 kusa da mahaɗar Nilu biyu, Corinthia a 2008 da kuɗin Libiya.

Roƙona, ku aiko wakili ya zauna da dattawanmu da suka yi aiki a waɗannan gidaje, ya naɗi muryoyinsu tun suna raye. Biyu suna unguwarmu, zan kai shi har ƙofar gida.

Naku mai karatu,
daga Maiwurno, jihar Sinnar