Gyambon kwanciya yana da tiyata, amma kulawar gida ce ke riƙe ta

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon a ba ni fili in yi magana a kan wata lalura da ke cinye majinyata a ƙauyukanmu ba tare da an ji labarinsu ba, wato gyambon da ke fitowa a jikin wanda ya daɗe a kwance, ko saboda shanyewar ɓarin jiki, ko raunin laka bayan haɗarin mota, ko tsufa.

Nauyin jiki ne ke danne nama a kan ƙashi har jini ya kasa kaiwa wurin, sai naman ya mutu, galibi a ƙasan gadon baya da kwatangwalo da mazaunai da dunduniya. Likitoci sun kasa shi mataki huɗu, kuma idan ya kai na uku ko na huɗu ramin ya wuce fata, wani lokaci har ana ganin ƙashi. A nan ne iyalai da yawa ke sallamawa, su koma barbaɗa garin magani, alhali akwai aikin da ake yi.

Likitan tiyatar gyaran jiki yakan fara da yanke ruɓaɓɓen naman duka, ya kankare tsinin ƙashin da ke tokare wurin, sannan ya yanko fata mai lafiya tare da tsokar da ke ƙarƙashinta daga gefen mikin, ba tare da ya raba ta da jijiyoyin da ke kai mata jini ba, ya juyo ta ya cike ramin, ya ɗinke. Wannan ya bambanta da dashen fata zalla, domin siririyar fata ba ta cike rami mai zurfi, kuma ba ta jure danniya. Akwai masu wannan ƙwarewa a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da Asibitin Ƙashi na Dala.

Abin da ya fi damuna shi ne bayan aikin. Sai majinyaci ya yi makonni bai kwanta a kan ɗinkin ba, sai an riƙa juya shi duk bayan awa biyu dare da rana, sai an tsare wurin daga fitsari da bahaya, kuma sai ya samu abinci mai gina jiki kamar wake da ƙwai da nono. Idan aka mayar da shi kan tabarma a ɗakin ƙasa, mai jinyarsa mace guda wadda girki da ɗiban ruwa ke jiranta, gyambon yakan dawo, kuɗin da aka sayar da akuya ko amfanin gona aka haɗa su tafi a banza. Ban ga laifin matan nan ba, domin ba wanda ya koya musu.

Saboda haka nake kira ga ma'aikatun lafiya na Jigawa da Kano su horar da ma'aikatan ƙananan asibitocin karkara, yadda za su gane jan tabon farko wanda ba ya washewa idan an danna shi, su tura mai miki mai zurfi birni da wuri, sannan su riƙa bin wanda aka sallamo har gida suna duba ɗinkin, suna nuna wa iyalinsa yadda ake juya shi da yadda ake tallafe shi da matasan kai. Haka kuma a sanya katifar majinyata cikin tallafin da ake ba marasa galihu.

Wassalam,
Wani ma'aikacin lafiya daga Ƙaramar Hukumar Gwaram, Jihar Jigawa.