Yunwa ce ke koro farin beyar cikin gari

Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni ɗan fili in yi magana kan wata dabba da ba mu da ita a nan, amma halin da take ciki yana damuna. Ni malamin labarin ƙasa ne a sakandare, kuma farin beyar na yankin Aktik, can ƙuryar arewacin duniya, nake nufi.

A kan ƙanƙarar teku wannan dabba take neman abincinta. Takan laɓe a bakin rami, ta jira wasu dabbobin ruwa masu kitse da ake kira sil su leƙo shan iska, sai ta cafke. Kitsen da ta tara kafin ƙanƙara ta narke, shi zai riƙe ta tsawon watannin da za ta yi a tudu ba farauta. To yanzu ƙanƙarar da wuri take narkewa, kuma ba ta daskarewa a kan kari. Uwa mai shayarwa ce ta fi jin jiki, ita da 'ya'yanta.

A yammacin tekun Hudson, wajen garin Churchill na Kanada, ƙidayar 2016 ta nuna saura beyar 842, ta 2021 kuwa 618. A watan Fabrairun 2019, fiye da 50 suka dira garin Belushya Guba a arewacin Rasha suna tonon bola, har sai da aka kafa dokar ta-ɓaci. Manomin kusa da Yankari da giwa ta taɓa shiga gonarsa ya san wannan tashin hankali, ya kuma san ba mugunta ce ta kawo ta ba.

A 1973, Kanada da Amurka da Tarayyar Sobiyet da Norway da Denmark sun sa hannu a Oslo kan hana farautar farin beyar barkatai, suka bar wa 'yan asalin yankin farautarsu ta gado. Wannan ya taimaka ƙwarai. Sai dai an tsare ta daga bindiga, ba a tsare mata ƙanƙara ba. Amurka ta sa ta cikin jerin dabbobin da ke fuskantar barazana a 2008, amma har gobe ana haƙar mai a jiharta ta Alaska, inda dabbar take zaune. Wannan ne ya fi ci mini rai.

Hayaƙin kwal da fetur da ke narkar da ƙanƙarar, shi ne dai ke ƙara mana zafi a Sahel. Don haka ina roƙon jaridarku, idan za ta kawo labarin taron sauyin yanayi, ta riƙa gaya mana nawa kowace babbar ƙasa ta rage na hayaƙinta, mu samu abin karanta wa ɗalibai a aji.

Naku,
Wani malamin makaranta daga Zariya