Baƙin da teku ya kai wa mutanen Ocracoke

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya kai da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni ɗan fili in tofa albarkacin bakina kan rahoton da kuka buga a makon 15 ga Janairu, ranar tunawa da 'yan mazan jiya. Kun kyauta da kuka tuna da dakarunmu da suka je Bama, Allah ya saka da alheri. Sai dai na karanta tun daga farko har ƙarshe ban ga inda aka ambaci ma'aikatan jiragen dakon kaya ba, alhali su ma dubbansu sun halaka a yaƙin Hitila, ba kaki a jikinsu, ba igiya a kafaɗa. Ba laifinku nake gani ba. Ni kaina ban san da su ba sai da tafiya ta kai ni wani tsibiri a nan jihar Karolina ta Arewa da ke Amurka, inda neman abinci ya zaunar da ni.

Sunan tsibirin Ocracoke. Babu gada, sai dai mutum ya tuƙa mota har ƙarshen tsibirin Hatteras, ya shiga jirgin fito da motarsa, a yi kamar awa guda a kan ruwa. Mazauna garin ba su kai dubu ba. Mun je ne shan iska da iyali, ba neman tarihi ba. Muna yawo a wani lungu mai yashi da inuwar itatuwa sai 'yata ta ja hannuna ta ce, “Baba, me ya kawo tutar Ingila nan?” Na duba, ga wani ɗan fili da bai fi tsakar gidan talaka ba, an kewaye shi da farin shingen katako, an share shi tas. Kaburbura huɗu ne a jere. Biyu da suna: Thomas Cunningham, ƙaramin hafsa, da Stanley Craig, mai aikin wayar iska. Sauran biyun har yau ba a san ko su wane ne ba. A gefe ga dutse ɗauke da sunayen mutum 37.

Jamus ta shelanta yaƙi da Amurka ranar 11 ga Disamba 1941. Kwamandan jiragen ƙarƙashin tekun Jamus, Karl Dönitz, bai yi sanya ba. Jirage biyar kacal ya iya turawa a zubin farko, suka iso gaɓar gabashin Amurka a Janairun 1942, suka tarar da gida a buɗe. Jiragen dakon mai da na kaya suna tafiya ɗai-ɗai ba rakiya, wasu ma da fitilunsu a kunne. Garuruwan bakin teku kuwa sun ƙi kashe wuta da dare, wai kada masu yawon buɗe ido su gudu, ciniki ya tsaya. Duk wanda ya taɓa tsayawa a cikin duhu yana kallon mai wucewa ta gaban shagon da ke da wuta ya san abin da nake nufi: kai kana ganinsa sarai, shi ba ya ganinka. Haka Jamusawa suka riƙa kwanciya a ƙasan ruwa da rana, dare na yi su taso, su zaɓi wanda suka ga dama. A gefen Hatteras abin ya fi muni, saboda tudun yashin da ke ƙarƙashin ruwa yana tilasta wa jirage bin hanya guda, ga kuma zurfi kusa inda maharbi zai nutse ya ɓace. Tsofaffin yankin sun bar labarin yadda tagogi ke girgiza da tsakar dare, a fito a hango wuta tana ci a kan teku, da safe a tarar da baƙin mai da gawarwaki a bakin ruwa. Cikin wata shida zuwa bakwai an nutsar da jirage kusan 400 a ruwan Amurka da Karibiyan, rayuka kimanin 5,000 suka salwanta.

Abin da ke ba ni takaici shi ne maganin ba sabo ba ne. Kakanninmu fatake sun san ba a ratsa dajin 'yan fashi sai da ayari da madugu. Ingila ta koyi wannan tun yaƙin farko, ta kuma faɗa wa Amurka, amma manyan sojan ruwan Amurka suka ce ba su da isassun jiragen rakiya. Sai tsakiyar watan Mayu aka fara haɗa ayari sosai tsakanin Key West da Hampton Roads a gaɓar gabashin Amurka, nan da nan ɓarnar ta ragu, zuwa Yuli Dönitz ya janye jiragensa daga wannan gaɓa. Ihu bayan hari.

To a tsakanin nan ne Ingila ta ara wa Amurka jiragen kamun kifi guda 24 da aka ɗora wa bindiga da bama-baman ruwa. Ka ji fa, jiragen masunta. Ɗaya daga cikinsu shi ne Bedfordshire. Daren 11 ga Mayu 1942, wayewar 12, yana sintiri a kusa da Cape Lookout a gaɓar Karolina ta Arewa, jirgin ƙarƙashin teku na Jamus U-558 ya harbe shi. Ko mutum ɗaya daga cikin 37 ɗin da ke ciki bai tsira ba, ko kiran neman agaji ba su samu yi ba, har aka kwana biyu ba wanda ya san jirgin ya tafi. Ranar 14 ga wata masu gadin gaɓar teku suka tsinci gawa biyu a yashin Ocracoke, bayan kamar mako guda aka tsamo wasu biyu a ruwa.

Akwai labarin da mutanen garin ke bayarwa wanda ya sa na yi shiru. Makonni kaɗan kafin nan, wani mutumin yankin mai suna Aycock Brown, wanda aikinsa shi ne tantance gawarwakin da ruwa ya kawo, ya hau Bedfordshire neman tutocin Ingila da za a lulluɓe wasu ma'aikatan jirgin mai na San Delfino, wanda aka nutsar a watan Afrilu. Cunningham ne ya karɓe shi, ya ba shi abin da ya nema, ya ƙara masa guda biyu ko za a buƙata. Da aka kira Brown ya duba gawarwakin 14 ga Mayu, yana yaye mayafi ya gane mai gemun nan da ya ba shi tuta. Da ragowar tutocin nan biyu aka rufe shi da Craig. Wani gida a garin ya ba da fili kusa da maƙabartarsu, aka binne baƙi kamar 'yan gida.

Shekara fiye da 80 ke nan. A 1976 an ba hukumar kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashe renon Ingila hayar filin, masu gadin gaɓar tekun Amurka ne ke sharewa da ɗaga tuta, kuma duk watan Mayu ana taruwa, wakilan sojan ruwan Birtaniya da Kanada su zo, 'yan makarantar garin su karanta sunayen nan 37 ɗaya bayan ɗaya. A Buxton, can tsibirin Hatteras, akwai wasu kaburbura biyu da ake yi wa haka. Hatta abokan gaba ba a bar su ga tsuntsaye ba: Jamusawa 29 na jirgin U-85, wanda jirgin yaƙin Amurka Roper ya nutsar ranar 14 ga Afrilu 1942, suna kwance a maƙabartar soja ta Hampton a jihar Virginia, kowa da dutsensa.

A jirgin fito muna komowa, kakana ne ya faɗo mini a rai. Ɗan dako ne a filin dalar gyaɗa a Kano, kuma har ya rasu yana alfahari da cewa buhunan da ya ɗora a wuya sun ci teku sun je Ingila. Bai taɓa ganin teku ba, Allah ya jiƙansa. Amma gyaɗar nan, da kuzar Jos, da manja, in jirgin ƙasa ya sauke su a Apapa, ai wasu ne ke ɗauka su ratsa ruwa da su, kuma irin farautar da aka yi a Hatteras an yi ta a gaɓar Afirka ta Yamma. A 1941 jirgin U-107 shi kaɗai ya nutsar da jirage 14 a fita guda, yawancinsu a hanyar Freetown ta Saliyo, ciki har da Adda na kamfanin Elder Dempster. Daren 30 ga Afrilu 1943 zuwa wayewar 1 ga Mayu, U-515 ya afka wa wani ayari da ya taso daga Takoradi za shi Freetown, ya kifar da jirage bakwai kafin gari ya waye. Jirgin Abosso, wanda fasinjojin Legas suka saba da shi kafin yaƙi, an harbe shi ranar 29 ga Oktoba 1942 a hanyarsa ta zuwa Liverpool: mutum 362 suka mutu, 31 suka tsira. Elder Dempster kaɗai ya yi asarar jirage fiye da 20 a yaƙin.

Su wa ke aiki a cikin waɗannan jirage? Ban da Turawa, akwai 'yan ƙabilar Kru na Laberiya da Saliyo, akwai 'yan Nijeriya da aka ɗauka a Legas, suna kuku, suna wanki da guga, suna zuba kwal a tukunyar jirgi can ƙasa, inda in an yi harbi ba a samun hanyar fita. A Tower Hill da ke Landan an zana sunayen ma'aikatan jiragen kasuwa kusan 24,000 da yaƙin ya ci waɗanda ba su da kabari sai teku, an jera su ƙarƙashin sunan jirgin kowa. Namu suna ciki. Amma ni dai tun ina firamare har na bar gida ban taɓa jin an ambace su a taron 15 ga Janairu ba, ko da a cikin addu'a, mu da aka karantar da mu cewa wanda ruwa ya ci yana cikin shahidai.

Na san wani zai ce yaƙin Turawa ne, mu talakawan mulkin mallaka ne aka ja mu ciki, me za mu tuna? Ban musa ba. Ai mutanen Ocracoke ma ba su haɗa dangi da Cunningham ba, ruwa ne kawai ya ajiye musu shi a ƙofar gida.

Roƙona gare ka, Edita, ƙarami ne. Kafin Janairu mai zuwa ka tura wakilinka na Legas maƙabartar Yaba, inda kaburburan yaƙin duniya na biyu suke, ya bi su ɗaya-ɗaya ya ga ko da ma'aikatan jirgin ruwa a ciki. Wakilinku na Landan kuma ya je Tower Hill ya nemo allon Abosso da na Adda, ya kwafo sunayen 'yan Afirka da ke kai. Ku buga su a shafi guda, da sunan jirgi da ranar da ya nutse. Hotunan da na ɗauka a Ocracoke suna nan a wayata, in kuna so sai in turo.

Na gode, a huta lafiya.

Naka,
Wani mai karatu, ɗan Kano mazaunin Raleigh, Amurka