Rahoton Shekara ga Mambobi: Neman Dokar da Za Ta Hana Wariya Saboda Sakamakon Gwajin Jini

Assalamu alaikum. Iyayenmu maza da mata, 'yan'uwa masu fama da sikila da masu jinyarsu a faɗin Jihar Gombe, barkanmu da ganin ƙarshen shekara. Waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansu, ya ba iyalansu haƙuri.

Ayyukan da muka saba ba su tsaya ba. An ziyarci waɗanda ciwo ya kwantar, an nemo masu ba da jini duk lokacin da aka kira mu, an kuma yi taron Ranar Sikila ta Duniya a 19 ga Yuni. Masu faɗakarwa sun shiga Kumo da Bajoga da Kaltungo da Dukku, sun yi magana a masallatai da coci-coci. Bayanin kuɗi kuwa ma'aji zai karanta shi a babban taro.

Abin da ya fi cin lokacin kwamiti bana shi ne maganar doka, kuma ya kamata ku san dalili. Mun daɗe muna roƙon jama'a su je su gwada jinotayif, wato gwajin jinin da ke nuna ko mutum na ɗauke da gadon sikila, kafin aure, domin idan AS ya auri AS, kowane ciki na da yiwuwar ɗaya cikin huɗu na haifar SS, wato mai cutar sikila. Jama'a sun fara ji. Sai ga koke-koke suna zuwa mana ta wata fuskar: matashi ya ci jarrabawar ɗaukar aiki, an tura shi gwajin lafiya, daga ranar da ya miƙa takarda ba a sake kiransa ba. Wata ta ce a fom ɗin inshorar rai aka tambaye ta jinotayif, tana rubutawa maganar ta mutu. Ba wanda ke ba ka dalili a rubuce, shi ya sa kafa hujja ke da wuya. Cikin masu koken har da masu AS, waɗanda ba su da cutar ma, gadonta kawai suke ɗauke da shi. Kusan ɗaya cikin kowane 'yan Najeriya huɗu haka yake, kuma ana ƙiyasta ana haifar jarirai wajen 150,000 da sikila a ƙasar nan duk shekara. Wannan ba matsalar 'yan tsiraru ba ce.

Mu ne muka ce a yi gwajin, don haka alhakin abin da ake yi da sakamakon yana wuyanmu. A Kano tun 2024 doka ta wajabta gwaji kafin aure, kuma yawan masu gwaji na nufin yawan takardun da ke yawo a hannun mutane. Idan matashi ya ga takardar ce ta raba yayansa da aiki, ɓoye tasa zai yi, ko ya nemi ta bogi, kuma takardar bogin ce za ta kai shi gaban waliyyai ranar ɗaurin aure.

Lauyoyin da ke taimaka mana kyauta sun duba dokokin da ake da su. Sashe na 42 na kundin tsarin mulkin 1999 ya hana a tauye ɗan ƙasa saboda yanayin haihuwarsa, amma bai ambaci ƙwayoyin gado ba, kuma kai kamfani kotu da shi doguwar tafiya ce. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta sa bayanan lafiya da na ƙwayoyin halitta cikin waɗanda ake tsananta sirrinsu, sai dai mai neman aiki da aka ce ya kawo takarda ba shi da bakin ƙi. Wadda ta fi ba mu ƙwarin gwiwa ita ce dokar 2014 da ta hana tsangwamar masu ɗauke da cutar ƙanjamau, domin ta hana a mai da gwajin cutar sharaɗin ɗaukar aiki. An taɓa yi a ƙasar nan ke nan, faɗaɗawa muke nema.

Mun kuma leƙa waje. A shekarun 1970 an yi gangamin gwajin sikila a Amurka, sai ya koma hanyar hana baƙaƙen fata masu AS wasu ayyuka da tsawwala musu kuɗin inshora. Dokarsu ta GINA, wadda Shugaba George W. Bush ya sa wa hannu a 2008 bayan shekara 13 ana jan ta a majalisa, ta hana amfani da bayanan ƙwayoyin gado wajen ɗaukar aiki da inshorar lafiya. Tana da giɓi biyu da bai kamata mu kwafo ba: ba ta shafi inshorar rai ba, kuma kariyarta ta fi tsayawa kan wanda cutar ba ta bayyana a jikinsa ba. Mafi yawanku kuwa SS ne, ciwon a fili yake. Ta Kanada ta 2017 ta fi faɗi, domin ta hana a tilasta wa mutum gwaji ko bayyana sakamako kafin a ƙulla kowace yarjejeniya da shi, kuma Kotun Ƙolin ƙasar ta tabbatar da ita a 2020.

A kan haka aka rubuta daftarin da muka raba muku. Ya hana mai ɗaukar aiki neman jinotayif sai in likita ya nuna aikin kansa na da haɗari na musamman, kuma ko a nan a gaya wa mutum dalili a rubuce. Ya hana kamfanin inshora ko na takaful ƙin mutum ko ƙara masa kuɗi don yana AS. An yi muhawara mai zafi kan masu SS, domin wasu ma'aikatan inshora da muka zauna da su sun ce lissafin haɗari shi ne ginshiƙin sana'arsu. Mun saurare su, kuma maganarsu ba shirme ba ce. Matsayarmu dai ita ce inshorar lafiya, wadda dokar Hukumar Inshorar Lafiya ta Ƙasa (NHIA) ta 2022 ta wajabta wa kowa, ba za ta ware wanda ya fi kowa buƙatarta ba. Batun inshorar rai ga masu SS yana nan a buɗe, muna son jin ra'ayinku.

Akwai iyakar da dole mu sani. Sha'anin ƙwadago da na inshora suna cikin jerin abubuwan da Majalisar Tarayya kaɗai ke yi wa doka. Abin da jiha za ta iya shi ne ƙa'idar ɗaukar ma'aikatanta da tsarin GoHealth, wato inshorar lafiya ta Jihar Gombe, don haka muka raba aikin biyu: takarda ga kwamitin lafiya na majalisar jiha, daftari kuma ga 'yan majalisarmu na tarayya.

A shekara mai zuwa, in Allah ya kai mu, hujja muka fi buƙata. Duk wanda aka tambaye shi jinotayif a wurin neman aiki ko a fom ɗin inshora, ya adana kwafin fom ɗin da duk saƙon da aka turo masa, ya kawo wa sakatare. Za a cire suna kafin a nuna wa kowa. Shugabannin rassa kuma su zo babban taro da gyare-gyaren mambobinsu kan daftarin, musamman sashen inshorar rai.

Sakatare, a madadin kwamitin zartarwa